Tambaya da Amsa: Shin Dogon Ɗauri ne Ya Cika Gidajen Yarin Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun shari'a, kuma na sha jin ana cewa babu ƙasar da ta kai Amurka yawan fursunoni, alhali ba ita ta fi kowa yawan jama'a ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wasu suna cewa yawan laifi ne ya jawo haka, wasu kuma suna cewa tsawon wa'adin da ake yanke wa masu laifi ne. Don Allah a warware mini wannan batu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. A shekarar 1972, mutanen da ke tsare a gidajen yarin jihohi da na gwamnatin tarayya a Amurka ba su wuce kimanin 200,000 ba. Zuwa shekarar 2009 sun kai kimanin miliyan 1.6, kuma idan aka haɗa da waɗanda ke kurkukun gundumomi, inda ake ajiye masu jiran shari'a da masu gajeren wa'adi, adadin ya kai wajen miliyan 2.3. Ƙasar da jama'arta ba su kai kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya ba ta wayi gari tana riƙe da kusan kashi 20 cikin 100 na fursunonin duniya. Adadin ya ragu daga baya, amma har yanzu bai yi nisa da miliyan biyu ba.

Masu cewa yawan laifi ne suna da ɗan abin kamawa, domin laifukan zubar da jini sun ƙaru ƙwarai a Amurka daga shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1990. Sai dai tun daga 1991 laifukan suka fara raguwa, har suka sauka da kusan rabi cikin shekaru ashirin da 'yan kai, amma gidajen yari suka ci gaba da cika har zuwa 2009. Makwabciyarta Kanada ma ta ga hawa da saukar laifi a kusan wannan lokaci, ba tare da yawan fursunoninta ya ninninka ba. Wannan ne ya sa rahoton da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2014 ya ɗora alhakin ƙaruwar a kan dokoki da manufofin da 'yan siyasa suka zaɓa da gangan.

Lissafin abin kuwa mai sauƙi ne. Yawan mutanen da ke gidan yari a kowace rana ya dogara ne a kan mutum nawa ake shigarwa, da kuma tsawon zaman da kowannensu yake yi. Idan kotuna suna ɗaure mutum 100 a kowace shekara, kowa kuma yana yin shekara biyu, za a riƙa samun mutum 200 a ciki. Idan aka mayar da wa'adin shekara goma, ba tare da an ƙara kama ko mutum ɗaya ba, gidan yarin zai wayi gari da mutum 1,000. Abin lura a nan shi ne wannan ƙari ba ya bayyana a shekarar da aka yi dokar. Sai bayan shekaru, lokacin da waɗanda a da za su fita suka ci gaba da zama, sababbi kuma suna ta shigowa a kansu, sannan ake ganin nauyinsa, kuma a lokacin 'yan majalisar da suka kafa dokar da yawa sun bar kujerunsu.

Tsawaita wa'adin ya zo ne ta ƙofofi da dama. A 1973 jihar Niyok, a zamanin Gwamna Nelson Rockefeller, ta kafa dokar da ta tilasta ɗaurin da ya fara daga shekara 15 zuwa rai da rai ga wanda aka kama yana sayar da oza ɗaya na miyagun ƙwayoyi irin su hodar iblis, wato kimanin giram 28, ko kuma yana ɗauke da oza biyu. A 1984 Majalisar Dokokin tarayya ta soke sakin talala a gidajen yarin tarayya, wato sakin fursuna kafin wa'adinsa ya cika bisa sharaɗin ya zauna ƙarƙashin sa ido, kuma zuwa shekarar 2000 jihohi 16 sun ƙwace wannan iko daga hannun hukumomin da ke duba cancantar fursunoni. A 1986 aka kafa dokar da ta fi kowace yin ƙaurin suna, wadda ta ce giram 5 na kirak, wato hodar iblis da aka daskarar ta zama kamar tsakuwa, yana jawo ɗaurin shekara biyar na tilas, alhali sai mutum ya riƙe giram 500 na garin hodar kafin ya sami wannan hukunci. Abu ɗaya ne a asalinsa, amma kirak ya fi yaɗuwa a unguwannin talakawa, kuma mafi yawan waɗanda aka gurfanar a kansa a kotunan tarayya baƙaƙen fata ne. Daga nan jihar Washinton a 1993 da Kalifoniya a 1994 suka kafa dokar laifi uku, wadda a Kalifoniya ta tanadi ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai ga wanda aka samu da babban laifi karo na uku. A wannan shekara ta 1994 kuma Shugaba Bill Clinton ya sanya hannu a kan dokar da ta ware wa jihohi kuɗin gina gidajen yari, muddin za su tabbatar masu laifin zubar da jini sun cinye aƙalla kashi 85 cikin 100 na wa'adinsu.

Duk waɗannan dokoki manufarsu ɗaya ce, wato a ɗaure hannun alƙali a lokacin yanke hukunci, sannan a toshe hanyar sassauci bayan an yanke. Shari'ar Leandro Andrade ta nuna inda hakan yake kaiwa. Mutumin ya saci kaset-kaset na bidiyo da kuɗinsu bai wuce kimanin dala 150 ba, a karo biyu, a Kalifoniya, kuma saboda yana da tsofaffin laifukan fasa gida aka yanke masa shekara 50 zuwa rai da rai. A 2003 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta bar hukuncin yadda yake.

Wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2012 ya gano cewa fursunonin jihohi da aka saki a 2009 sun yi zaman da ya zarce na takwarorinsu na 1990 da kashi 36 cikin 100. Amma wannan lissafi ya shafi waɗanda suka fita ne kawai, bai ƙidaya waɗanda ba su da ranar fita ba, kuma a wurinsu ne al'amarin ya fi muni. Ƙungiyar Sentencing Project ta ƙirga cewa a 2020 mutum sama da 200,000 ne ke zaman ɗaurin rai da rai ko wa'adin da ya kai shekara 50, wato mutum ɗaya cikin kowane fursuna bakwai, adadin da ya zarce dukkan fursunonin ƙasar na shekarar 1970. Sama da 55,000 daga cikinsu an yanke musu ne bisa sharaɗin ba za a taɓa duba sakinsu ba, kuma kusan rabin masu ɗaurin rai da rai baƙaƙen fata ne, alhali ba su wuce kimanin kashi 13 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba.

A matsayinki na ɗalibar shari'a, ya kamata ki san cewa masana ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. Farfesa John Pfaff na Jami'ar Fordham yana ganin cewa tun daga shekarun 1990 babban dalilin ƙaruwar shi ne masu gabatar da ƙara, waɗanda suka riƙa tuhumar mutane da manyan laifuka fiye da da, don haka ƙofar shiga ce ta faɗaɗa. Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne cewa yawancin waɗanda ake ɗaurewa suna fita cikin 'yan shekaru. Amma a ganina ba a raba abubuwan biyu, domin dogon wa'adin da ke rubuce a doka shi ne makamin da mai gabatar da ƙara yake riƙe da shi. Sama da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen laifi a Amurka ba a zaman shari'a ake samun su ba, wanda ake tuhuma ne yake amsa laifi domin a rage masa. A jihar Kentaki an tuhumi wani mai suna Paul Hayes da amfani da cakin bogi na dala 88 da santi 30. Mai gabatar da ƙara ya ce masa ya amsa laifi a nemi a ɗaure shi shekara biyar, in kuwa ya ƙi za a tuhume shi a matsayin wanda ya saba aikata laifi. Ya ƙi, aka yanke masa rai da rai, kuma a 1978 Kotun Ƙoli ta ce mai gabatar da ƙarar bai saɓa wa tsarin mulki ba. Wanda ya san wannan shari'a, aka kuma ba shi zaɓi tsakanin shekara uku tabbatattu da yiwuwar shekara talatin, da wuya ya tsaya kare kansa ko da yana da hujja. Ta haka dogon ɗauri yake tura dubban mutane kurkuku ko da ba a yanke musu shi ba.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne, kuma ban cika gamsuwa da masu kiran a sassauta wa masu laifi ba. Hausawa na cewa gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Idan aka ɗaure mai kisa ko ɗan fashi shekara arba'in, ai wasu za su ji tsoro, shi ma ba zai sake cutar kowa ba. Ina kuma haƙƙin wanda aka kashe wa ɗa ko miji?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka tana da nauyi, kuma ba zan rufe ta da labarin mai satar kaset ba, domin irin waɗannan ba su ne mafi yawa ba. Fiye da rabin fursunonin jihohin Amurka an ɗaure su ne a kan kisa, fashi, fyaɗe ko raunata mutane, masu laifin ƙwaya kuwa ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin bakwai ba. A gidajen yarin tarayya ne masu laifin ƙwaya suka kai kusan rabi, amma tarayya tana riƙe da kimanin kashi ɗaya ne kawai cikin takwas na fursunoni. Don haka duk wanda ya ce za a warware matsalar cunkoso ba tare da an taɓa hukuncin masu zubar da jini ba, bai faɗi gaskiyar lissafin ba.

Karin maganar da ka kawo gaskiya ce, sai dai tana aiki ne idan wanen ya tabbata cewa abin da ya sami ɗan'uwansa zai same shi. Tun a 1764 masanin nan na Italiya, Cesare Beccaria, ya bayyana cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi, kuma binciken zamani, musamman na Farfesa Daniel Nagin, ya ƙarfafa wannan magana. Saurayin da ya zaro bindiga cikin fushi ko maye ba ya tsayawa ya auna bambancin shekara 20 da shekara 40, galibi ma bai san abin da doka ta tanada ba. Abin da yake iya tsayar da shi shi ne sanin cewa za a kama shi. A wasu shekarun baya-bayan nan kuwa, kusan rabin kashe-kashen da aka yi a Amurka ba a kama kowa a kansu ba. Ƙasar da take kashe sama da dala biliyan 80 a shekara wajen tsare fursunoni da sa ido a kansu, alhali rabin masu kisa suna yawo a gari, ta zuba dukiyarta a inda amfaninta ya fi ƙaranci. Iyalan da aka kashe wa 'ya'ya ba a kama kowa ba su ma suna da haƙƙi, kuma ƙara wa wani fursuna shekara goma ba ya share musu hawaye.

Maganarka ta biyu, cewa wanda ke tsare ba zai cuci jama'a ba, daidai ce a shekarun farko na ɗaurin. Amma babu abin da masana laifi suka fi tabbatarwa kamar alaƙar laifi da shekaru. Aikata laifi yana kaiwa ƙololuwa ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa farkon shekaru ashirin, daga nan ya yi ta sauka, har ya zama wanda ya haura hamsin da wuya a same shi da laifin zubar da jini. A 2012 babbar kotun jihar Merilan ta yanke cewa umarnin da alƙalai suka riƙa ba masu taya su yanke hukunci kafin 1981 ya saɓa wa tsarin mulki, wanda hakan ya kai ga sakin kimanin mutum 200, yawancinsu masu ɗaurin rai da rai a kan kisa da fyaɗe, da suka shafe sama da shekara talatin a tsare. Ba don kyawun halinsu aka zaɓe su ba, kuskuren shari'a ne ya fitar da su. Duk da haka, bayan 'yan shekaru, waɗanda suka koma kurkuku daga cikinsu ba su wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba.

A 2020 kusan kashi 30 cikin 100 na masu ɗaurin rai da rai a Amurka sun kai shekara 55 ko sun haura. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1976 wajibi ne gidan yari ya kula da lafiyar fursuna, don haka jihohi suna biyan kuɗin maganin ciwon suga da wankin ƙoda da jinyar masu shanyewar jiki, tare da gandirobobin da za su tsare su a gadon asibiti. A gidan yarin Angola na jihar Luwiziyana, inda rai da rai yake nufin mutuwa a ciki, an buɗe sashen jinyar masu jiran ajali, inda fursunoni ke kula da 'yan'uwansu har su binne su. A Kalifoniya kuɗin tsare fursuna ɗaya ya haura dala 100,000 a shekara.

Saura batun haƙƙin wanda aka zalunta, kuma a nan lissafi ba ya wadatarwa. Wanda ya kashe rai ya cancanci hukunci mai tsanani ko da an tabbata ba zai sake ba, ni ma a kan haka nake. Abin da nake jayayya da shi shi ne a ce alƙali, ko ma dokar da aka rubuta tun kafin a aikata laifin, ta yanke a rana ɗaya cewa yaro ɗan shekara 19 ba zai taɓa canjawa ba har ya kai saba'in, sannan a hana kowa sake dubawa. Shekara ashirin a kurkuku ba sassauci ba ne, domin a cikinsu ne mutum zai rasa ƙuruciyarsa, iyayensa su rasu bai halarci jana'iza ba, 'ya'yansa su girma ba su san shi ba. A ƙasar Norwe, mutumin da ya kashe mutum 77 a 2011 an yanke masa shekara 21, amma da sharaɗin kotu za ta iya ci gaba da tsawaita tsarewar muddin yana da haɗari, don haka mai yiwuwa ba zai taɓa fita ba. A Jamus ana duba mai ɗaurin rai da rai bayan shekara 15, wasu a sake su, wasu a ci gaba da riƙe su. Waɗannan ƙasashe ba su yafe kisa ba, sun dai bar wa kotu ikon ta dubi mutumin da ke gabanta a yau tare da laifin da ya aikata a jiya.

Tambaya: Malam, shin akwai wani gyara da aka yi a Amurka, ko kuwa har yanzu dokokin suna nan yadda suke?

Amsa: An yi gyare-gyare, ɗan'uwa, amma ba su kai girman matsalar ba. A 2010 Shugaba Barack Obama ya sanya hannu a kan dokar da ta rage bambancin kirak da garin hodar iblis daga ninki 100 zuwa ninki 18, sai dai waɗanda aka riga aka ɗaure da tsohon ma'auni sun jira har zuwa ƙarshen 2018, lokacin da Shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan dokar da ta ba su damar neman ragi. Wannan jira na shekara takwas yana nuna wahalar warware dogon ɗauri, domin gyaran doka ba ya amfanar wanda ke ciki sai an rubuta ƙarara cewa ya haɗa da shi. A 2012 masu zaɓe a Kalifoniya suka gyara dokar laifi uku, ta yadda a mafi yawan lokuta sai laifi na uku ya kasance mai muni kafin a yanke rai da rai. A wannan shekara kuma Kotun Ƙoli ta haramta tilasta ɗaurin rai da rai marar sakin talala a kan wanda bai kai shekara 18 ba lokacin da ya aikata laifin, sannan a 2016 ta ce hukuncin ya shafi har tsofaffin shari'u. Henry Montgomery, wanda ƙararsa ce ta jawo hukuncin na 2016, an kama shi yana ɗan shekara 17 a 1963, kuma bai fita ba sai a 2021 yana da shekara 75.

Gyaran da na fi ganin ya dace da cutar shi ne ba fursuna damar komawa gaban alƙali bayan ya yi dogon zama, domin a sake auna hukuncinsa, a kuma saurari iyalan wanda aka zalunta. Birnin Washinton ya kafa irin wannan doka a 2016 domin waɗanda suka yi laifi suna yara, daga baya ya faɗaɗa ta ga duk wanda bai kai shekara 25 ba lokacin laifin, muddin ya yi shekara 15 a tsare. Jihohin da suka bi wannan hanya ba su da yawa tukuna.

Abin da ke hana ruwa gudu shi ne tsoron 'yan siyasa. Tun zaɓen 1988, lokacin da aka yi amfani da labarin Willie Horton, fursunan da ya aikata fyaɗe bayan an ba shi hutun fita a jihar Masacuset, wajen kayar da Michael Dukakis, gwamnan jihar da ya tsaya takarar shugaban ƙasa, gwamnoni suka fahimci cewa mutum ɗaya da aka saki ya sake laifi yana iya kashe musu siyasa, dubu kuwa da suka tsufa a kurkuku babu mai tambayar su a kansu. A jihar Fensilbaniya, Gwamna Milton Shapp ya sassauta wa masu ɗaurin rai da rai sama da 200 a shekarun 1970. Bayan wani da aka sassauta wa ya yi kisa a 1994, sai aka gyara tsarin mulkin jihar a 1997, aka ce dole dukkan membobin hukumar afuwa biyar su amince kafin takardar mai ɗaurin rai da rai ta isa teburin gwamna. A cikin kusan shekara ashirin da suka biyo baya, waɗanda suka sami wannan sassauci ba su kai goma ba, a jihar da take riƙe da mutum sama da 5,000 masu ɗaurin rai da rai.